Kyanwa Ba Saniya Ba Ce

Yau ba zancen farashin masara zan yi ba, ba kuma na kuɗin haya ko wahalar da yaranmu suke sha wajen neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ba. Zancen kyanwa ne. Na san akwai wanda zai karanta ya yi murmushi ya ce lallai Malam ya rasa abin rubutawa. To a daure a bi ni zuwa ƙarshe, domin tun shekarar 2022 abin yake min yawo a rai, kuma akwai amanar wani dattijo a ciki, wadda ban riƙe ta yadda ya kamata ba.

Ga wanda bai san Ngurore ba, gari ne a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu. Idan ka baro Jimeta ka ɗauki hanyar Numan, a nan ne hanyar Mayo Belwa da Jalingo take ɓallewa. An fi sanin garin da kasuwar shanu, inda ake loda manyan motoci zuwa Kudu. Ni kuwa hatsi nake sayarwa. Na zo daga ƙasar Katsina a 1991, shekarar da aka raba Gongola aka fitar da Adamawa da Taraba, ina yaron wani mai hatsi. Mai hatsi kuwa ba ya rabuwa da kyanwa, don in babu ita, ɓera zai zama abokin jarinka alhali bai zuba ko kwabo ba. A layinmu kowa da yadda yake kiranta: Bakano ya ce mage, Basakkwace ya ce mussa, Fulani masu gari su ce paatu. Ni dai uku gare ni. Biyu suna kwana a siton da ke jikin gidana, ta ukun kuwa ta 'yar autata ce, wadda ta raɗa mata suna Lami, don ba ta cizo ba ta yaƙushi.

Yadda uku suka zama 14

A watan Satumba na 2022 aka saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke arewacin Kamaru, ga shi kuma damina ta yi ƙarfi, sai kogin Binuwai ya tumbatsa kamar yadda ya yi a 2012. 'Yan uwanmu masu noman fadama da masunta, galibinsu mutanen Sakkwato da Kebbi, waɗanda ke zaune a bukkoki kusa da ruwa, dole suka tashi. Wasu suka raɓa wurin dangi a cikin gari, wasu suka ce bari su leƙa gida kafin ruwa ya janye. Akuya ana sayar da ita, kaza a yanka ta ko a sa ta a kwando a hau mota, amma kyanwa ba mai saye, direba kuma ba zai yarda da ita a motarsa ba. Da yake an san ni da su, sai aka fara kawo min.

Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne masunci, mutumin wajen Argungu, wanda duk muke ce wa Baba. Ya zo da ita a buhu, ya tsuguna a ƙofar shago ya kwance bakin buhun a hankali. Wata fara ce mai ɗigon baƙi a goshi.

"Ɗana, ga amana," in ji shi. "Shekararmu bakwai tare. Tun rasuwar tsohuwa ita ke taya ni hira. Zan je in ga jikoki, da hunturu zan dawo in Allah ya yarda."

Na ce, "Haba Baba, ai wannan ba komai. Je ka hankalinka kwance, yadda ka bar ta haka za ka same ta."

Yara suka sa mata suna Ta Baba. Bayan ita wani ya kawo uwa da 'ya'yanta huɗu masu shan nono, wani ya kawo muzurai biyu, sannan wasu uku suka kawo kansu da kansu, don inda ake zubar da kan kifi ba a jiran gayyata. Kafin wata ya mutu ina da kyanwa 14.

Rigima ta taso ne daga maƙwabcina, wanda ba ma bare ba ne, ɗan garinmu ne, mota ɗaya ta sha kai mu gida da salla. Yana kiwon kaji, a mako guda 'yan tsaki shida suka ɓace. Na ce masa ai ana muzuru ana shaho, ta yiwu shahon ne. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ina ganin girmanka, amma wallahi aka sake ɗaukar min ko ɗaya, shinkafar ɓera zan barbaɗa a kifi in ajiye a bayan katanga." Na san zai aikata, kuma a gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, domin da kajin nan yake biyan kuɗin makarantar yaransa.

Akwai wani ɗaki a bayan sito da ba a amfani da shi, ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, da 'yar taga ɗaya can sama. Na sa aka share, na ajiye babban faranti ɗaya na abinci, kwano ɗaya na ruwa, da daro ɗaya na yashi don biyan buƙata. Muka yini ni da yara muna kamawa muna zubawa, har da namu ukun, don guba ba ta tambayar wannan ta wane ne. Na ja ƙofa na sa kwaɗo, ina jin daɗi a raina wai na ceci rayuka.

Ga lissafin da na yi. Shekara 30 ina kallon abin da ke faruwa a kara. A kawo sa daga Mubi, a kawo saniya daga Ganye, wata ma daga Kamaru ko Chadi, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, a haɗa su wuri ɗaya. Za su ɗan gwada ƙaho, kowa ya san matsayinsa, kafin magariba ka gan su kwance gefe da gefe suna tuƙa. Na ɗauka dabba duk dabba ce.

Shirun da na ɗauka zaman lafiya ne

Daren farko ba wanda ya runtsa a gidan saboda kuka da gurnani. Dare na biyu abin ya ragu. A na uku sai tsit. Na ce wa uwargida, "Kin ji ko? Sun saba."

Ta ce, "Malam, ni shirun nan bai kwanta min ba. Ko a gidan kishiyoyi ba ranar hayaniya ake jin tsoro ba, sai ranar da kowace ta shige ɗakinta ta yi gum."

'Yar autata ce ta fara gano abin da ake ciki, don in ta taso daga Islamiyya a bakin ƙofar take zama tana leƙe ta wata 'yar kafa. Ta ce, "Baba, Lami ba ta cin abinci." Na ce abinci ga shi nan har ana bari. Ta ce in dai zo in gani. Muka yi kusan rabin awa muna leƙe. Babban muzurun, wani ja mai yagaggen kunne, ya miƙe a tsakiyar ɗaki, daidai tsakanin faranti da sauran. Ba ya faɗa, ba ya ko gurnani. Duk wadda ta ɗaga ƙafa za ta nufi abinci ko daron yashi, sai ya buɗe ido ya kafe ta da kallo, ita kuma ta koma ta zauna. Lami tana can a lungu, ta ba ɗakin baya ta dunƙule, idonta a rufe kamar mai barci amma kunnuwanta suna motsi. Gashinta da kullum yake sheƙi ya hargitse don ta daina lasar jikinta, kuma a inda take kwance nan take fitsari.

Maimakon in fahimta, sai na ƙara yawan abincin da ake zubawa a farantin.

A mako na biyu atishawa ta fara. Idanu suna kwantsa, hanci yana yoyo, daga wannan sai waccan. Ƙananan nan huɗu kuma suka kama amai da gudawa, uku suka mutu cikin kwana biyu. Ta Baba idanunta suka liƙe, jikinta ya yi zafi, ta ƙi ko shinshinar kifi. Na tuna alkawarin da na yi wa tsoho, hankalina ya tashi. Na ɗauko farasitamol na ɓalli rabi, na murje na jiƙa na ɗura mata, ina cewa ai abin da ke sauke wa yaro zazzaɓi zai sauke wa kyanwa. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana numfashi da kyar. Kafin la'asar ta mutu a cinyar 'yata.

Daren nan barci ya ƙaurace min. Duk wanda ya taɓa zama a gaban malami ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta a dalilin kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Na yi ta rarrashin kaina cewa ni ai ina ciyarwa, kullum sai na aika wurin mahauta an karɓo min tarkacen kayan ciki, ban da kan kifi. Amma zuciyata ta ƙi karɓar uzurin. Abincin da ka ajiye a inda mai jin yunwa ba ta isa ta taka ba, ka ciyar da ita ke nan?

Zuwan likita

Ranar kasuwa na shiga kara na nemo wani matashin likitan dabbobi da ke duba shanu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Maiduguri, yana kuma sayen shinkafa a wurina. Na ji kunyar faɗin abin da ya kawo ni a gaban dillalai, sai na ja shi gefe. Da yamma ya zo a kan babur ɗinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, wari ya buge shi, ya ƙirga su da yatsa, ya dubi faranti ɗaya da daro ɗaya, sannan ya juyo ya ce, "Baba, kyanwa ba saniya ba ce."

Muka zauna a kan benci ya warware min. Saniya, in ji shi, 'yar garke ce, tsiranta yana cikin taro, sai ka ware ta ita kaɗai ne hankalinta yake tashi. Kyanwar gida kuwa kakarta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda take farauta ita kaɗai, kowace da yankinta. Rumbunan hatsi suka jawo ɓeraye, ɓeraye suka jawo ta kusa da mutane tun dubban shekaru, amma halin kaka bai bar ta ba. In ka ga kyanwoyi suna zaune tare a mayanka ko bayan kasuwa, ka lura da kyau, yawanci uwa ce da 'ya'yanta mata da jikoki, waɗanda suka tashi tare, suna gogar juna har warin jikinsu ya zama ɗaya. Baƙuwa ba ta faɗawa cikinsu kai tsaye. Kuma in kyanwa ta tsorata, abin da ta sani shi ne ta kauce, ko ta haye sama, ko ta ɓuya. Ni kuwa na kulle su a inda babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Game da murar, ya ce ƙwayar cutar tana kwance a jikin kyanwoyi da yawa tun suna ƙanana, ba ta nuna kanta sai damuwa ta yi musu yawa, daga nan atishawa da kwanon tarayya su raba wa kowa. Wadda hancinta ya toshe kuwa ba ta jin ƙanshin abinci, shi ya sa take ƙin ci. Abin da ya kashe ƙananan, ya ce alamunsa sun yi kama da wata cuta da ke cinye ƙwayoyin jini masu kare jiki, wadda ƙwayarta kan yi watanni har shekara a ɗaki ba ta mutu ba. Dukansu akwai allurar rigakafinsu.

Sai na kawo zancen farasitamol, ina fata ya ce ba shi ba ne. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ko ɓarin ƙwaya ɗaya yana iya kashe ta. Murar da take yi, da an kula da ita ta yiwu da ta tashi."

'Yan uwa, ko ba ku riƙe komai a rubutun nan ba, don Allah ku riƙe wannan, ku kuma gaya wa iyali.

Abin da wasu suka riga mu sani

Likitan ne ya fara nuna min a wayarsa cewa tsohon kuskure na maimaita, daga baya ni ma na bi na karanta a intanet. A ƙasashe da dama akwai gidajen da aikinsu ke nan, su karɓi karnuka da kyanwoyin da ba su da mai su, su riƙe har a samu mai ɗauka. Na Battersea da ke Landan an kafa shi a 1860, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883. A tarihin Musulmi ma abin ba baƙo ba ne, domin ana ba da labarin cewa Sarki Baibars na Misira, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyi marasa gata. Da na karanta sai na ce a raina, shi lambu ya ba su, ni kuwa ɗaki mai kwaɗo.

Masu irin waɗannan gidaje sun daɗe suna fama da tambaya guda: a sa kowace a kejinta, ko a haɗa su a ɗakin tarayya? Keji yana rage yaɗuwar cuta, amma yana takura wadda za ta daɗe. Ɗakin tarayya yana ba da sarari da abokan zama ga wadda take son abokan zama, amma in ba a tsara shi ba sai ya koma irin nawa. Ƙungiyar likitocin irin waɗannan gidaje da ke Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2010, ta sabunta su a 2022. Sun ce kowace babbar kyanwa a ɗakin tarayya tana buƙatar aƙalla murabba'in ƙafa 18, wato ƙafa 3 faɗi da ƙafa 6 tsawo, kusan tabarmar kwanciyar mutum ɗaya. A ƙa'idar farko sun ce kada rukuni ya wuce 10 zuwa 12, a sabuwar suka sauko zuwa 6. Da wannan awo, ɗakina kyanwa biyar ya kamata ya ɗauka.

A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gwada wani abu mai sauƙi a kan kyanwoyi 19 sababbin zuwa a wani gida. Aka ba 10 akwatin ɓuya, 9 ba a ba su ba. Masu akwati cikin kwana uku hankalinsu ya kwanta, sauran kuwa sai da suka kai mako biyu kafin su kamo su. Aikin da kwalin taliya zai yi ke nan, ga su nan jibge a shagona ina ba yara suna wasa da su.

Sauran ƙa'idojin duk masu shiga hankali ne. Sabuwar zuwa a keɓe ta tukuna, a duba lafiyarta, a yi mata rigakafi. Ƙanana ba a haɗa su da manyan da ba uwarsu ba. Muzurun da ba a dandaƙe ba ba ya zama da mata, don kyanwa tun tana wata huɗu ko biyar za ta iya ɗaukar ciki, cikin mako tara kuma ta haihu. Abinci da ruwa da yashi a rarraba su wurare daban-daban, yadda ɗaya ba zai iya tsare duka ba. Kada a riƙa shigo da sababbi kullum, don duk shigowa sabon rikici ne. Babba a cikinsu kuwa, kada zaman ya yi tsawo, domin duk kwanan da aka ƙara haɗarin cuta ƙaruwa yake yi.

Yadda muka gyara

Goma suka rage, kuma da abin da ke hannunmu muka yi aiki. Namu uku suka koma sito, aka toshe kafar da suke bi su fita bayan katanga. Uwa da ɗanta ɗaya da ya tsira muka kai su tsohon ɗakin girki. Muzuran biyu likita ya dandaƙe su, kowanne aka sa shi a kejinsa, kuma abin mamaki maƙwabcin nan nawa mai kaji shi ya ba ni aron kejin. Ɗakin kuwa muka kankare shi, muka wanke da sinadarin wanke farin kaya, kashi ɗaya a cikin kamar kashi 30 na ruwa, muka bari ya bushe. Likita ya hana mu amfani da maganin wanke ƙasa mai warin asibiti, wanda ke komawa fari kamar madara in ya shiga ruwa, ya ce guba ne ga kyanwa tunda tana lasar ƙafarta. Ya kuma ce a daina ba manya nono, yana sa da yawansu gudawa.

Ukun da suka kawo kansu su muka mayar ɗakin. Kafinta ya kafa katakai a bango, wani sama da wani, ya cire rabin ƙofa ya sa ragar waya don iska. Muka ajiye kwalaye, kowanne da ƙofa biyu, don kada a tare wata a ciki, ai gida biyu maganin gobara. Faranti uku a kusurwa uku, daron yashi uku nesa da abinci. Duk kuɗin da na kashe bai kai na rabin buhun masara ba.

Lami da ta koma sito can saman buhuna ta haye, ta yi kwana uku ba a ganinta, sai dai da safe a tarar kwanonta wayam. A rana ta huɗu 'yata ta rugo shago ba ko takalmi tana cewa, "Baba, tana lasar jikinta!"

Kafin wata guda na raba sauran ga abokan sana'a masu hatsi, da sharaɗin in mai ita ya dawo a ba shi abarsa. Biyu da na ga suna kwana jiki da jiki ban raba su ba, mutum ɗaya na ba.

Abin da ya tuna min

Ban ce mutum da dabba ɗaya ba ne, Allah ya karrama ɗan Adam. Amma duk lokacin da nake yanka ƙofa a jikin kwalayen nan, zauren mai masaukinmu na 1991 nake tunawa. Mun fi goma a ciki, Katsinawa da Zamfarawa da mutanen Damagaram, kuma an ce zo mu zauna zo mu saɓa. Sai yanzu na gane abin da ya riƙe zaman. Kowa yana da ƙusarsa a bango da akwatinsa na ƙarfe da ba mai taɓawa. Zauren ƙofa biyu gare shi, in ranka ya ɓaci ka fice gindin dogon yaro har ka huce. In baƙo ya zo, tsohon ba ya jefa shi cikinmu ranar farko, sai ya kwana biyu ko uku a shagon ƙofar gida, ana ci tare ana salla tare ana jin asalinsa. Kuma idonsa yana kan wanda hannunsa ba ya kaiwa kwano. Ni yaro ne mai kunya a lokacin, sai da na yi mako ina tashi da yunwa, shi ya lura ya sa aka riƙa zuba min daban har na saba.

Haka kuma a watan Oktoba na 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi jama'a suka kwararo Yola, mafi yawansu a gidajen mutane suka sauka. Mu ma mun sauki iyali guda, mutum tara. Abin da uwargida ta fara yi shi ne ta sa aka kafa zana aka raba tsakar gida, ta ba matar murhunta da tukunyarta. Na ce wannan ai kamar wariya ce. Ta ce, "Malam, macen da ba ta da murhunta kullum baƙuwa ce." Sun yi wata biyar, muka rabu lafiya, har yau muna zumunci. Ita ta san wannan tun a lokacin, ni kuwa sai da rai huɗu suka salwanta a hannuna.

Da yawa daga cikinmu yanzu mu ne masu masaukin. Muna da gidajen haya, muna da yaran shago da ke kwana a ɗaki ɗaya, wasunmu da almajirai a zaure. Mai gida ya riƙa ƙirga tabarmi kafin ya ce kowa ya shigo, ya kuma riƙa duba wanda ya yi shiru a lungu.

Dawowar Baba

A watan Janairu na 2023, hunturu yana kaɗawa, na ɗaga kai na ga tsoho a ƙofar shago da buhunsa a naɗe a hammata. Wallahi sai da zuciya ta raya min in ce masa ta gudu. Kyanwa ai takan gudu, kuma zai yarda. Amma tun kafin ya zo uwargida ta riga ta ce min, "In ya dawo ka gaya masa gaskiya, kada ka haɗa laifi biyu."

Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa, na tambayi jikoki. Sannan na gaya masa komai, da ɗakin, da kwaɗon, da rabin ƙwayar da na ɗura mata da hannuna. Ya daɗe yana kallon ƙasa yana murza bakin buhun.

Ya ce, "Ka binne ta?"

Na ce, "Na binne ta, Baba, a bayan sito."

Ya ce, "To madalla. Kwananta ne ya ƙare, ɗana. Amma da ka bar ta a waje, ita ta san yadda ake ɓuya."

Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe. 'Yata ta ɗauko ɗan nan da ya tsira, wanda mai uwarsa ya riga ya bar mana, ta ce, "Kaka, ko za ka ɗauki wannan?" Ya dube shi ya girgiza kai ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga shi da sassafe, ba buhu. Ya ɗauki ɗan kyanwar ya sa a cikin rigarsa, ya nufi bakin ruwa. Duk lokacin da ya shigo gari yakan biyo da ƙullin kan kifi ya ba yara su kai wa Lami, kuma bai taɓa sake tayar da zancen ba. Ni ne dai ban manta ba.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya ba mu ikon riƙe amana, babba da ƙarama. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam, naku daga Ngurore.